DARASIN UWARGIDA: Mu Karanta Littafin Malam-Buɗe-Littafi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa.



'Yar uwa, tun muna ƙanana muke bin wani ƙwaro da gudu muna kiransa malam-buɗe-littafi, saboda yadda yake buɗe fukafukansa yana rufewa kamar shafin littafi. To amma mu nawa ne muka taɓa tsayawa muka karanta littafin nasa? Da yawa daga cikinmu mun girma, mun yi aure, mun haihu, ba mu san cewa tsutsar nan da muke gani a ganye muna kawar da kai ita ce ke zama wannan ƙwaro mai ado ba. Darasinmu na yau shi ne yadda za ki nuna wa ɗiyanki wannan al'amari da idonsu, a tsakar gidanki, ba tare da kin kashe ko kwabo ba.

DON ME ZA MU YI?

Ba sai an gaya miki halin da yankinmu yake ciki ba. Daga nan Katuru har Shinkafi da Zurmi da Kaura Namoda, rashin tsaro ya hana yara da yawa yawon daji da bin iyayensu gona mai nisa kamar yadda muka taso. A watan Satumba na 2021 ma gwamnatin jiha ta rufe makarantu bayan an sace ɗalibai a Kaya ta ƙaramar hukumar Maradun, yara suka zauna gida. Duk ranar da yaro bai fita ba, ke ce makarantarsa. In ba ki ba idonsa abin kallo mai amfani ba, zai samo wa kansa wani.

Kuma addininmu ya umarce mu da tunani a kan halittar Allah. Dubi ƙarshen Suratu Ali Imrana, aya ta 190 da ta 191, inda aka yabi masu hankali da wannan siffa. Dubi surori uku da ke ɗauke da sunayen ƙananan halittu: Nahli, wato ƙudan zuma, Namli, tururuwa, da Ankabut, gizo-gizo. Ashe kallon ƙwaro ba wasan banza ba ne in an yi shi da niyya.

MATAKAI HUƊU NA RAYUWARSA

Na farko ƙwai. Macen ba ta ajiye ƙwanta a kowane ganye. Takan sauka ta ɗanɗana ganyen da ƙafafunta, in ta ji shi ne abincin 'ya'yanta sannan ta liƙa ƙwan, wanda bai wuce kan allura ba.

Na biyu tsutsa. Aikinta ci kawai. Fatarta ba ta girma tare da ita, don haka takan tuɓe ta kamar sau 4 tana ƙara girma.

Na uku ƙwanso. Tsutsar takan daina ci, ta liƙe a wuri ɗaya, ta tuɓe fatar ƙarshe, ta zama wani ɗan ƙunshi marar baki marar ƙafa. A ciki ake sāke mata jiki.

Na huɗu shi ne malam-buɗe-littafin kansa.

WACE TSUTSA ZA KI ƊAUKA?

Biyu ne suka fi sauƙin samu a wajenmu. Ta farko tana jikin tunfafiya, wadda ba ta wuya a bayan gida da bakin hanya. Tana da zane-zanen baƙi da fari da ɗigon rawaya, da 'yan siraran gashi guda shida masu kama da ƙaho. Takan yi kamar mako biyu tana ci, sannan ta yi mako ɗaya zuwa kwana 10 a ƙwanso. Abin da ke fitowa mai launin ruwan goro ne, bakin fiffikensa baƙi da ɗigon fari, fukafukansa na baya kuma farare. Zafi yana gaggauta kwanakin, sanyin hunturu yana jinkirta su.

Ta biyu tana jikin lemun tsami ko lemun zaƙi. Tana ƙarama kamanninta sak kashin tsuntsu, baƙi-baƙi da fari, don kada tsuntsaye su kula ta. In ta girma sai ta koma koriya kamar ganyen. In aka taɓa ta takan fito da wani ƙaho mai reshe biyu daga bayan kanta, mai wari, don korar maƙiyi. Ita ce ke zama babban malam-buɗe-littafin nan baƙi mai ɗigon rawaya.

Gargaɗi biyu, 'yar uwa. Kada ki bari yara su ɗauki gizaka ko duk wata tsutsa mai gashi buzu-buzu, don gashin yana sa ƙaiƙayi da kumburi. Sannan farin ruwan tunfafiya dafi ne, yana yi wa ido mummunan lahani. Ke da kanki za ki riƙa tsinko ganyen, ki wanke hannu da sabulu nan take, kada yaro ya taɓa. Gidan da ke da masu rarrafe gara a zaɓi ta lemo. Wani abin mamaki, dafin nan da ke cutar da mu ita tsutsar ci take ta adana shi a jikinta, shi ya sa tsuntsaye ke ƙyale ta. Subhanallah!

YADDA ZA KI RENE TA

1. Ki samu kwalba mai faɗin baki ko robar da ake ganin cikinta, ki wanke ta bushe. Ki shimfiɗa takarda a ƙasa, ki jingina ɗan kara a ciki.

2. Ki rufe bakin da yankin tsohon gidan sauro ko gyale mai shara-shara, ki ɗaure da zare. Kada ki sa murfi, tana bukatar iska.

3. Ki ɗauko tsutsar tare da ganyen da take kai. Ɗaya ko biyu sun isa.

4. Ganyen da kika same ta a kai shi kaɗai za ki riƙa ba ta. Ta tunfafiya ta gwammace ta mutu da yunwa da ta ci ganyen lemo. Kullum sabon ganye, wanda ba a yi wa feshi ba. Ba a ba ta ruwa, ruwan ganyen ya ishe ta.

5. Kullum a zubar da kashinta a canja takarda.

6. A ajiye a inuwa, nesa da kaji da ƙadangaru. Ki ɗora kwalbar a faranti mai ɗan ruwa don kada cinnaka da tururuwa su hau. Kada ta kwana a ɗakin da aka fesa maganin sauro ko aka kunna mai hayaƙi.

7. In kin ga ta yi shiru ta daina ci, a ƙyale ta, sauya fata za ta yi. Ta tunfafiya in lokacinta ya yi takan rataye kai ƙasa, ta lanƙwashe kamar harafin lamun, washegari ki tarar da ɗan ƙwanso kore ko ja-ja-ja mai ɗigo kamar zinari. Ta lemo kuwa takan ɗaura wa kanta ɗamara da zare a jikin karan. Daga nan ba taɓawa, ba jijjigawa.

RANAR FITOWA DA ƊAUKAR HOTO

Ana gobe zai fito ƙwanson yakan yi duhu har ki hango launin fiffike ta ciki. Galibi da safe yake fitowa, don haka bayan sallar asuba da azkar ki tara yara kusa. Tsagewar ƙwanson ba ta ɗaukar lokaci, in kin tashi ɗauko wani abu sai ki dawo ki tarar an gama. Zai fito da fukafukai a cukurkuɗe da ƙaton ciki, ya rataye yana tura ruwan jikinsa cikin jijiyoyin fukafukan har su miƙe. Yakan yi awa ɗaya ko biyu kafin su bushe. Kada a taimaka masa, kada a kama fiffiken. In kin ga ɗigon ruwa ja-ja ya zubo ba jini ba ne, ragowar ƙazantar zaman ƙwanso ce.

Wannan lokacin da yake shanya fiffike shi ne na hoto, don ba ya iya tashi. Ki goge idon kyamarar wayarki, ki buɗe bakin kwalbar ko ki ɗaga karan a hankali. Hasken safiya ya zo ta bayanki ko ta gefe, ki kashe fitilar waya. Ki sa a riƙe zane marar ado a bayansa, ki dafa gwiwar hannu a kan turmi ko kujera don kada hoton ya girgiza. In kuma tun farko kina ɗaukar hoto ɗaya kullum da tsinken ashana a gefen tsutsar, a ƙarshe yara za su ga girmanta daki-daki.

Malamai sun yi saɓani a kan hoton abu mai rai, kodayake da yawa daga malaman zamani sun bambanta hoton kyamara da zanen hannu. Wadda ba ta natsu ba ta tambayi malaminta, ko ta wadatu da littafi da biro: yaro ya rubuta kwanan wata da abin da ya gani. Wadda kuma za ta tura wa 'yan uwa hoton, ta duba kada wata mace ta gidan ta fito a ciki ba lulluɓi.

AMANA

Nan ne zuciyar darasin. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wata mace ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Daga ranar da kuka sa tsutsa a kwalba, abincinta ya hau wuyanku. Ki gaya wa yara haka ƙarara. In kun san ba za ku iya ba, ku mayar da ita inda kuka ɗauko ta. Kuma ranar da ya fito, da fiffike ya bushe a sake shi. Ba a ɗaura masa zare a ƙafa, ba a ajiye shi don ado. Yaro zai yi kuka, amma ya koyi cewa abin da kake so ba lallai ne ka mallake shi ba.

Wani lokaci kuma ba ya fitowa. Akwai ƙananan ƙudaje da zanzaro masu sa ƙwansu a jikin tsutsa tun tana waje, sai ƙwanson ya yi baƙi ya lalace. Wannan ma karatu ne: mun yi namu, Allah Ya yi ikonSa.

Ki saurari tambayar da za ta zo ranar da yaro ya ga ƙwanso: "Inna, ina tsutsarmu tat tahi?" Kada ki ce masa ta mutu, don ba ta mutu ba, kuma ba a gina imani a kan ƙarya. Ki ce tana ciki, Allah Yana sāke mata halitta. Ranar da ya fito sai ki ce: Wanda Ya mayar da mai jan ciki mai tashi sama, tayar da mu bayan mutuwa ba zai gagare Shi ba. Sannan ki buɗe masa Suratul Ƙari'a da ya haddace, ki nuna masa aya ta 4, inda aka kamanta mutane a ranar alƙiyama da 'yan uwan wannan ƙwaro, masu zuwa wajen fitila da dare a warwatse. Daga ranar, in yana karanta surar ya san abin da yake faɗa.

ILIMIN BA BAƘO BA NE

Kakanninmu sun san tsutsa mai saƙa. Zaren tsamiya da ake yi wa manyan riguna aiki da shi, irin su aska takwas, daga gidan wasu tsutsotsi yake, waɗanda ke taruwa su saƙa gida ɗaya. Akan tsinto gidajen a daji, a dafa da toka, mata su kaɗa zaren da mazari. A Turai ma mace ce ta yi fice a wannan fanni. Maria Sibylla Merian, wadda aka haifa a Jamus a 1647, ta fara renon tsutsotsi tana 'yar shekara 13, a zamanin da mutane da yawa ke zaton ƙwari daga laka suke fitowa, kuma a 1679 ta fitar da littafi a kan abin da ta gani da idonta.

Ga amfani ga gonar maigida kuma. Tsutsar nan mai cinye zuciyar masara, wadda aka fara gani a Najeriya a 2016, ɗiyar wani ƙwaro ne mai tashi da dare, wanda ke zuba ƙwai a dunƙule a jikin ganye. Yaron da ya san cewa ƙwai ke zama tsutsa zai iya gano su a masarar bayan gida a murƙushe tun ba su ƙyanƙyashe ba. Irin wannan mai ɓarna ba a renonta a saki.

AIKIN GIDA

Kafin ta'alimi na gaba, kowace ta duba bishiyar lemo ko tunfafiyar da ke kusa da ita, ta juya ganye ta ga me ke ƙarƙashi. Ki sanar da maigida, ki raba wa yara aiki: wannan shara, wancan rubutu. Sannan ki zo mana da amsar waɗannan: Kwana nawa taku ta yi a ƙwanso? Wace tambaya yaro ya yi miki da ta fi ba ki wuya? Me ya ce da aka sake shi?

Allah Ya sa mu cikin masu tunani a kan ayoyinSa, Ya shirya mana zuri'a, Ya dawo mana da zaman lafiya a garuruwanmu, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.