DARASI: FARIN RUFI YANA RAGE WA KAJI ZAFI



Daga Maris zuwa Mayu zafin Gusau, Tsafe da Bunguɗu yakan haura digiri 40. Kaza kuwa ba ta gumi. Da zafi ya wuce 30 sai ta buɗe baki tana haki, ta rage cin abinci, ɓawon ƙwai ya yi laushi, manyan buroila su fara faɗuwa da rana tsaka.

Yawancin zafin nan daga sama yake saukowa. Kwano, musamman mai tsatsa, shanye rana yake ya juye wa kaji. Farin rufi kuwa yana mayar da mafi yawan hasken sama. A birnin Ahmedabad na Indiya, a 2017, haka aka bi rufin gidajen talakawa da farar ƙasa saboda zafi.

Sirrin yana cikin ma'adinai. Masu yin fenti da kansu suna zuba garin farin dutse da farin yumɓu irin wanda ake haƙa a Ƙanƙara, maƙwabciyar Tsafe.

YADDA ZA KA HAƊA
Farar ƙasa ta shafe gini, kilo 9
Ruwa, lita 20
Farin gam na kafintoci, lita 1, don ta kama kwano

Ka dama, ka tace, ka share ƙurar kwanon, ka shafa a BAYAN rufi da sassafe. Shafi biyu, sai na farko ya bushe.

A KULA
1. Kaurin fenti bai kai ya tare zafi ba, farin ne ke aiki. Don haka ka ƙara zana ko asabari a ƙarƙashin kwano, ka bar gefen ɗaki a buɗe da raga.
2. Farar ƙasa tana cin hannu da ido. Sa safar hannu.
3. Masu kifi, kar ruwan rufin nan ya zuba a tafkinku, zai canza musu ruwa.
4. Damina tana wanke ta, ƙurar hunturu tana dusashe ta. A sabunta duk Fabrairu.

Ka rataya ma'aunin zafi daidai tsayin kaji, ka duba ƙarfe 2 na rana kafin shafi da bayansa. Ka turo mana abin da ka gani.

Allah Ya sa albarka a kiwo.