Darasin Kimiyya: Injin da Ya Koyi Iyo a Wurin Kifi

'Yan'uwa ɗalibai, darasinmu na wannan mako a kan fiffiken kifi yake.

Jirgin ruwa mai inji farfela ce ke tura shi. Amma ciyawa na naɗe ta, laka na tsayar da ita, ƙararta kuma na korar kifaye. Shi ya sa masana suka koma kwaikwayon dabbobi.

A 2018, jami'ar MIT ta Amurka ta nuna wani kifin roba mai suna SoFi. Famfo ke tura ruwa cikin jelarsa mai laushi, dama sannan hagu, sai ta riƙa kaɗawa. Da aka gwada shi a tekun Fiji, kifayen gaske ba su guje shi ba. A 2022 kuma jami'ar Yale ta ƙera mutum-mutumi mai sauya gaɓoɓi: a ruwa ya yi iyo kamar kififiya, a tudu ya taka kamar kunkuru.

Mu a Kwandiko ba baƙon abu ba ne. Tarwaɗa ma na jan jiki a jiƙaƙƙiyar ƙasa da ƙayoyin gefenta.

Ina ruwanmu? Ku tuna ambaliyar 2022 a Jigawa, yadda ruwa ya shanye gonaki da hanyoyi. Injin da ke shiga ruwa, ya ratsa laka, zai iya duba ƙarƙashin gada kafin mutane su haye.

Aikin gida: ku sa tarwaɗa a baho, ku lura da yadda take juyawa, ku zana, ku kawo mana.