Gyaran Bindiga a Gida: Kurakurai da Darussa

A ƙauyuka da dama na ƙasar nan akwai maharba da manoma masu riƙe da bindiga don farauta ko korar namun daji daga gona. Idan bututun bindigar ya tsage ko ya cinye da tsatsa, sau da yawa mai ita yakan kai wa maƙeri, ko kuwa ya zauna a zaure ya sauya shi da kansa. Daga irin wannan gyara ne ake samun bindigar da ke fashewa a hannun mai ita, ta cire yatsu, ta tsiyaye ido, wani lokaci ma ta ɗauki ran wanda ke tsaye a gefe. Wannan darasi zai bayyana dalilin fashewar, da kurakuran da ke jawo ta, da kuma abin da doka ta ce.

Abin da ke faruwa a cikin bututu

Da zarar an taɓa kunama, albarushi yakan kama wuta ya zama iska mai zafi, wadda ke neman mafita cikin ƙiftawar ido. A bindigar raifil ta zamani, ƙarfin wannan iska yakan kai kimanin fam 60,000 a kan kowane inci murabba'i, alhali kuwa iskar tayar ƙaramar mota ba ta cika wuce fam 35 ba. Watau ya ninka ta fiye da sau 1,500. Idan bindiga lafiyayya ce, hanya ɗaya tak iskar ke da ita, wato ta tura harsashi ya fita ta baki. Idan kuwa akwai rauni a wani wuri, to nan za ta ɓalle. Wurin da ƙarfin ya fi tsanani shi ne gindin bututu, inda yake haɗuwa da uwar bindiga, kuma nan ne fuskar maharbi take.

Kuskure na ɗaya: ƙarfen da bai dace ba

Wasu kan ɗauki bututun famfo ko wani ƙarfen bola su mayar da shi bututun bindiga. Shi bututun famfo na gama-gari, fallen ƙarfe ne aka naɗe aka yi masa walda daga kai zuwa gindi, kuma don ɗaukar ruwa aka yi shi. Layin waldar nan shi ne rauninsa. Yana iya jure harbi goma, har mai shi ya sakankance, sa'an nan ya tsage a na goma sha ɗaya, domin kowane harbi yana ƙara buɗe tsagar da ido ba ya gani.

Kuskure na biyu: gasa ƙarfe da ƙiyasin ido

Idan tsohon bututu ya ƙi fita, ko sabo ya ƙi shiga, akan sa shi a wuta. Zafin da ya wuce kima yakan ɓata ƙarfe: ko ya yi laushi, ko ya bushe ya riƙa karyewa kamar kasko. Ko manyan masana'antu sun taɓa faɗawa wannan rami. A Amurka, ma'aikatan masana'antar makamai ta gwamnati da ke Springfield sun daɗe suna auna zafin ƙarfe ta hanyar duban launinsa, launin kuwa yakan sauya wa ido gwargwadon hasken rana. Sakamakon haka wasu bindigogin ƙirar 1903 suka fashe a hannun sojoji. Sai da aka kawo na'urar auna zafi, aka kuma sake tsarin gashin a 1918. Har yau masana suna gargaɗi kan harba waɗanda lambarsu ta gaza 800,000. Abin da ya gagari idon ƙwararru a masana'antar gwamnati, ba zai yiwu da zuga-zugi a bayan gida ba.

Kuskure na uku: tazarar da ba a auna ba

A bindigar zamani, dole ne kwanson harsashi ya zauna daram tsakanin bututu da ƙarfen da ke tokare shi ta baya. Bambanci tsakanin zama mai kyau da zama mai haɗari bai fi kaurin gashin kai ɗaya ko biyu ba. Ido ba ya ganin wannan, sai da ma'aunai na musamman. Idan tazarar ta yi yawa, kwanson yakan miƙe ya yage, wuta ta feso baya. Haka nan idan murɗin bututu da na uwar bindiga ba iri ɗaya ba ne aka tilasta musu haɗuwa da guduma, to riƙon na ɗan lokaci ne.

Kuskure na huɗu: ɗuri da gwaji

Bindigar toka, wadda ake ɗurawa ta baki, an yi ta ne don baƙin albarushi. Wanda ya fasa harsashin zamani ya zuba mata albarushinsa, ya ɗora mata nauyin da ba za ta iya ɗauka ba. Haka ma wanda ya manta ya yi ɗuri biyu. Toshewar bututu da laka, ko tsumma, ko gidan zanzaro, ita ma takan fasa ko da sabuwar bindiga ce. Mafi muni shi ne mutum ya gama gyara ya ɗora a kafaɗa don gwaji, yara na tsaye suna kallo.

Yadda ake yi a inda aka san aikin

Ƙasashen da suka daɗe da ƙera bindigogi sun koyi wannan darasi da jini. A Ingila akwai gidan gwajin bindigogi a Landan tun daga kamfanin maƙeran da aka ba izini a 1637, aka kuma kafa na Birmingham da dokar majalisa a 1813. A can akan harba bindiga da ɗuri wanda ya fi na kullum ƙarfi, a wuri killatacce, ba kowa kusa. In ta tsira sai a buga mata hatimi. Sayar da wadda ba a gwada ba laifi ne, kuma wadda aka yi wa babban sauyi a bututu sai an sake gwada ta. A 1914 wasu ƙasashen Turai suka kafa hukuma guda a Beljiyam don daidaita wannan gwaji.

Abin da dokar Nijeriya ta ce

Dokar Bindigogi ta 1959 ta hana kowa ƙera bindiga, ko harhaɗa ta, ko gyara ta, sai a ma'ajiyar makamai ta hukuma, ko kuwa wanda Sufeto-Janar na 'Yan Sanda ya ba izini. Bindigar farauta ta zamani sai da lasin. Makaman yaƙi kuwa ba na farar hula ba ne, kuma don ƙera wa sojoji irinsu aka kafa masana'antar makamai ta Kaduna a 1964. A 2021 Gwamnatin Tarayya ta kafa cibiyar hana yaɗuwar ƙananan makamai a ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Saboda haka mai gyara ba izini, ko bai ji ciwo ba, yana iya fuskantar ɗauri.

Abin da ya kamata a yi

Duk mai bindiga da lasin, in ya ga tsaga, ko kumburi, ko tsatsa mai zurfi a bututu, ya daina harba ta nan take. Ya je ofishin 'yan sanda mafi kusa a nuna masa mai izinin gyara. Wanda ya gaji bindiga ba takarda, ya miƙa ta ga hukuma. Maƙera su tuna cewa garma da lauje da gatari sana'a ce mai albarka wadda ba ta kai mutum kurkuku. Hakimai, da dagatai, da sarakunan maharba da na maƙera, ana roƙonsu su isar da wannan saƙo ga jama'arsu, musamman kafin lokacin farautar rani. In kunne ya ji, jiki ya tsira.