Ɗana, Ajinka Ma Wurin Bincike Ne

Ɗana, na ji an ba ka aji a jami'a. Allah ya sanya albarka. Na san hankalinka yana kan maƙalun da za su kawo ƙarin girma. Ba laifi, kowa ta nan ya biyo. Sai dai ɗakin lacca ma yana buƙatar wannan idon binciken naka.

Akwai wani malamin fiziks a jami'ar Harvard ta Amurka, sunansa Eric Mazur. Ɗalibai na yaba laccarsa, suna kuma cin jarrabawa. Wajen 1990 ya ba su wani gwaji da ba lissafi a cikinsa, tambayoyi ne kan motsin abubuwa cikin magana mai sauƙi. Sai ga shi da yawansu sun iya aiki da ƙa'idojin, amma ma'anarsu ba ta shige su ba. Har aka sami mai tambayarsa: a amsa yadda ya koyar, ko yadda mutum yake ganin abin a ransa?

Bai ce yaran yanzu ba sa karatu ba. Maganar tana da daɗin faɗa, na sani. Shi koyarwarsa ya tuhuma. Daga 1991 ya rage bayani, ya riƙa jefa tambaya ɗaya. Kowa ya amsa shi kaɗai, ya juya ya yi muhawara da na kusa da shi, sannan a sake amsawa. Shekara da shekaru yana auna sakamakon, fahimta kuwa ta ƙaru.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai in ya ɗaga kai. Ɗalibin da ya wuce da hadda kawai, gobe shi zai koyar da ƙannenka a sakandare, giɓin fahimtarsa ya bi su.

Fara da kaɗan. In lacca ta zo ƙarshe, kowa ya rubuta abin da bai gane ba a 'yar takarda, ba suna. Ka karanta da sanyin zuciya, ko da wata ta sosa maka rai. Ka sauya abu ɗaya tak, don ka san me ya yi aiki, ka kuma rubuta abin da ka gani. Ka roƙi abokin aiki ya zauna a bayan aji wata rana. In za ka buga sakamakon, ka nemi yardar yaran tukuna, ka tabbatar musu ba zai taɓa makinsu ba.