Amsoshin Tambayoyinku: 'Yan Daudu da Iyalansu

Wani mai sauraronmu daga Agege a Legas yana tambaya, wai da gaske ne 'yan daudu suna da mata da 'ya'ya, kuma yaya suke raba lokaci tsakanin sana'a da gida?

To Malam, da yawansu magidanta ne. Rudolf Gaudio, masani ɗan Amurka da ya yi bincike a kansu a Kano, ya bayyana haka a littafinsa na 2009. Akasarinsu girki suke yi: tuwo, soyayyen kaza, abincin biki. Ita kuwa wannan sana'a ba ta san lokaci ba. Uwar biki tana iya aikowa da magariba tana son abinci kafin azahar, sai a yi sammakon sayo nama a mayankar Oko-Oba da ke Agege, alkawarin da aka yi wa yara ya sha ruwa. Ɗaura zane da rangwaɗa galibi a bakin murhu ake yin su, cikin abokan sana'a. In za a koma gida, sai riga da hula.

Bayan ƙaddamar da Shari'a a jihohin Arewa a 2000, wasu sun koma Abuja da Kudu, suka bar iyali a gida, sai aiken kuɗin cefane da zuwa ganin gida da salla.