Ina Sauran Takin Ya Tafi?

Wani manomi mazaunin Mararaba, mai gona ta hanyar Keffi, ya aiko mini da koke. Ya ce bara ya zuba kamfa buhu 4 da yuriya buhu 3 a hekta ɗaya ta masara, amma abin da ya girbe bai wuce buhu 25 ba. Yana zargin takin jabu ne.

Malam, kafin mu ɗora wa mai shago laifi, ɗauko biro.

Abin da ka saya a cikin buhun nan sinadarin nitirojin ne. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23, buhun kamfa 15-15-15 kuwa kilo 7 da rabi. Ka zuba kusan kilo 100 ke nan. Kowane buhun masara mai kilo 100 yakan fita da kamar kilo ɗaya da rabi a ƙwayarsa, buhu 25 bai kai kilo 40 ba. Ƙara abin da kara da ganye suka sha, a ce an haura 50. Ragowar fa?

Wani yana nan a ƙasa, amma mai yawa ya gudu. Yuriyar da aka watsa a saman kunya aka bar ta a rana, iska ke kwashe ta. Wadda ta narke kuma, ruwan Agusta na yankin nan ba ya yi mata da wasa: ya gangara da ita rafi, ko ya nutsar da ita inda saiwa ba ta kai.

Lissafin yana canzawa da irin shuka. Masara da shinkafa maciya ne. Wake, gyaɗa da waken suya suna samo nasu daga iska ta ƙululun saiwarsu, labta musu yuriya sai ganye ya yi yabanya, 'ya'ya babu. Inda na fi jin tsoro shi ne lambunan fadama, masu kai alayyafo da tumatir kasuwar Orange ta Mararaba. Saiwa gajera, ban ruwa kullum, ga taki duk bayan yanka don ganye ya yi ƙyalli a idon mai saye.

Nitirojin ɗin da ya nutse, a matsayin naitiret, rijiya yake nufa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta iyakance naitiret a ruwan sha kan miligiram 50 a lita, musamman saboda jarirai, don yakan hana jininsu ɗaukar iska. A unguwa mai cunkoso irin Mararaba, masai ma na zuba nasa, ba gona kaɗai ba. Tafasa ruwan kuma ba ya cire shi, ƙara masa kauri yake.

Bana ka sa kamfa cikin mako biyu da shuka, yuriya kuma a mako na biyar zuwa shida. Tona rami nesa da gindi kaɗan, zuba, rufe. In hadari ya haɗo baƙi ƙirin, jira ya sauke. Gonar da ta ci waken suya bara, rage mata buhun yuriya guda. Rijiyar da ke maƙwabtaka da lambu kuwa, a kai ruwanta ɗakin gwaji kafin a dama wa jariri madara da shi.