Darasi na Goma Sha Biyu: Unguwa da Wasan Yara a Lokacin Annoba

A watan Maris na 2020 aka rufe makarantu a Nijeriya saboda annobar korona. Ranar 16 ga Afrilu kuma gwamnatin Kano ta kafa dokar hana fita.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa yaro mai shekara 5 zuwa 17 ya riƙa motsa jiki na aƙalla minti 60 kullum. Kafin annoba, yaron Kano kan cika wannan ba tare da ya sani ba. Yakan taka zuwa makarantar boko da safe, ya je Islamiyya da yamma, a aike shi cefane, sannan ya buga ƙwallo. Da doka ta tsare shi, sai motsinsa ya dogara ga irin gidan da yake ciki da unguwarsu.

A cikin birni, gidajen gargajiya suna da tsakar gida, inda 'yan mata ke 'yar gala-gala. Maza kuwa sukan fita lungu su yi langa, tun da mota ba ta shiga. Sai dai cunkoson da ya ba su abokan wasa shi ne kuma yake sauƙaƙa yaɗuwar cuta.

A benayen haya irin na Sabon Gari, iyali na iya zama a ɗaki ɗaya ko biyu, ƙofa tana kallon titi. Yaron nan ba shi da wurin gudu.

A unguwar Nasarawa akwai fili a cikin katanga, amma abokan wasa sun yi ƙaranci, ga talabijin da waya suna jan hankali.

Ashe dokar ɗaya ce, amma nauyinta bai zama ɗaya a kan yara ba. Wanda ya fi cutuwa shi ne wanda bai da tsakar gida, bai kuma da fili kusa. Saboda haka duk filin unguwa da aka yanka aka gina shaguna, 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi ne suka fi yin asararsa.

Kalmomi
annoba: cuta mai kama mutane da yawa lokaci guda
lungu: matsattsiyar hanya tsakanin gidaje
langa: wasan da ake yi da ƙafa ɗaya

Tambayoyi
1. Ta yaya yaro kan motsa jiki kafin annoba?
2. Mene ne amfanin lungu, mene ne kuma haɗarinsa?
3. Kwatanta unguwarku da ɗaya daga cikin ukun nan.